Awon hawan jini: a gida ko a asibiti?

Tambayar da ake yawan yi ke nan, musamman daga waɗanda awonsu ke tashi da zarar sun ga farar rigar likita.

Fargaba na sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. Mutum ya sha rana a kan acaɓa, ya bi dogon layi, gabansa na faɗuwa, lambar awon na iya haurawa. Shi ya sa ma'aunin ya bambanta: a asibiti daga 140/90 ake kiransa hawan jini, a gida kuwa daga 135/85.

Amma gida ma bai tsira ba. Wanda ya ga lamba ta hau ya tsorata, ya sake aunawa sau biyar a jere, yana iya ƙara tayar da ita. A zauna minti 5, a jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji. Ban da goro, sigari ko kofi minti 30 kafin awo. A auna sau biyu safe da yamma har kwana 7, a rubuta. Maɗaurin dantse in ya yi kaɗan, lamba kan yi sama.

Wajen kuɗi, na'urar gida saye ɗaya ce sai batir. Asibiti na cin kuɗin mota, amma can ake duba ƙoda da zuciya.

Mai fargabar likita da mai shan magani, awon gida ya fi musu, su kai wa likita takardar. Mai ciki, da wanda ya ga 180/120 tare da ciwon kai ko ƙirji, asibiti nan take.