Tura Malami Waje ko Kawo Haɗin Gwiwar Gida?

Idan kwalejin horar da malamai a Najeriya za ta ƙulla hulɗa da jami'ar ƙetare, hanya biyu ce a gabanta.

Ta farko, a ɗauki malami ɗaya a tura shi Ingila ko Malesiya ya yo digiri na biyu ko na uku, kamar yadda TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya daɗe yana yi a baya. Amfanin a fili yake: ɗakin karatu mai kyau da ƙwarewa a bincike. Sai dai da kuɗin ƙetare ake biya, ga naira ta faɗi, wasu kuma in sun tafi ba sa dawowa. Waɗannan dalilan ne suka sa asusun ya dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025.

Ta biyu ita ce irin ta TESSA, shirin horar da malamai a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, wanda Open University ta Birtaniya ta soma a 2005 tare da cibiyoyin Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Nan an zauna tare an rubuta darussan koyarwa, kyauta ga kowa, kuma an yi su ne domin ajin da yara suka cika maƙil, kayan aiki kuwa sai allo da alli. Malamar firamare a ƙauye tana iya gwada darasin gobe da safe.

Ni na fi karkata ga ta biyun, domin ta fi isa ga jama'a. Rauninta shi ne, in ba mai zagayowa ya ga yadda ake koyarwa, littattafan kan ƙare a kabad ɗin hedimasta.