Wane littafi za ka fara saya kan jiragen Imperial Airways?

Mai son bin diddigin yadda Ingila ta fara jigilar fasinja ta sama, musamman da jiragen nan masu sauka a kan ruwa, littattafai ba su yi masa kaɗan ba. Aljihu ne matsalar, don da fam ko dala ake sayensu, ga kuɗin aikowa. Dole a zaɓa.

Biyu ne ke gaba. Na Robin Higham, Britain's Imperial Air Routes, ya fito tun 1960. Yana bin kamfanin Imperial Airways daga 1924, lokacin da aka haɗe ƙananan kamfanoni huɗu suka zama ɗaya, hanya bayan hanya: Indiya, Afirka ta Kudu, Ostireliya, da batun tallafin gwamnati da kwangilar ɗaukar wasiƙu. Ba littafin da ake karantawa a kishingiɗe ba ne, amma in shekara da adadi kake nema, nan za ka same su. Na biyun, Air Empire na Gordon Pirie, na 2009 ne. Shi Pirie bai yarda da kurin da 'yan mulkin mallaka suka riƙa yi ba, yana auna abin da aka yi ta shela da abin da jiragen suka iya a zahiri. Ya fi daɗin muhawara, sai dai bugun jami'ar Manchesta ne, yakan yi tsada. In kuɗin ɗaya gare ka, ni dai Higham zan ce ka fara ɗauka, don sai ka san hanya kafin ka yi gardama a kanta.

Wanda kuma jirgin kansa ne ya dame shi, ya nemi Shorts Aircraft since 1900 na C. H. Barnes. A ciki akwai samfurin S.23, jirgin kan ruwa na kamfanin Shorts, wanda Imperial Airways ya yi odar guda 28 tun ba a gwada ko ɗaya ba, har na farkonsu, Canopus, ya tashi daga kogin Medway na Ingila a Yulin 1936. Injina, awo, lambar kowane jirgi. Na dubawa ne kawai.

Corsairville na Graham Coster daban yake. Labarin wani jirgin kan ruwa ne na Imperial Airways mai suna Corsair da ya ɓace hanya a Maris na 1939, ya yi saukar dole a kogin Dungu a Kwango ta Beljiyam, ya lalace. Aka gyara shi a daji, aka tare kogin ruwa ya taru, sai a Janairun 1940 ya samu tashi. Ka saya don daɗin karatu, kada ka jingina bincikenka a kansa shi kaɗai.

Wata tuntuɓe da mai neman tarihin Kano kan yi: ya sayi littafin jiragen kan ruwa yana zaton zai ga garinsu a ciki. Waɗancan kogin Nilu suka bi, ta Khartum da tafkin Victoria zuwa Durban. Na Imperial Airways da ya fara zuwa Kano daga Khartum a Fabrairun 1936 jirgin tudu ne, DH.86. Saboda haka kafin ka tura kuɗi, ka roƙi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton fihirisar bayan littafin, ka duba ko akwai Kano, da shafi nawa aka ba ta.