Fenway, Wrigley ko New York: wane filin besbol ne ya cancanci kuɗin baƙo?

Wanda tafiya ta kai shi Amurka tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba ba zai sha wahalar samun wasan besbol ba. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowacce tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, 81 daga ciki a gida. Kusan kullum ana yi. Abin da ke buƙatar tunani shi ne inda za ka zuba kuɗinka, kuma shawarata ita ce kada sunan ƙungiya ya ja ka. Baƙon da ke da kwana kaɗan a gari, wataƙila ma bai gama gane dokokin wasan ba, filin yake saya, da kujerar da zai zauna, da sauƙin zuwa da dawowa.

Mai son tarihi zai fara tunanin Fenway Park na Boston, gidan Red Sox, wanda aka buɗe a 1912, mafi tsufa a gasar. Abin da ya yi suna da shi wata koriyar katanga ce a gefen hagu, tsayinta ƙafa 37 da ɗoriya, ana ce mata Green Monster. A 2003 aka ɗora kujeru a kanta, kuma suna cikin masu wuyar samu. Sai dai tsufa na da nasa haraji. Filin ƙarami ne, bai kai mutum dubu 40 ba, don haka tikiti na da tsada. Tsofaffin kujerun katako matsattsu ne, dogon mutum gwiwarsa na dukan bayan kujerar gaba. Ga ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufi: kana iya biyan kuɗi mai kauri ka wuni kana leƙen mai jifan ƙwallo ta bayan ginshiƙi. Wasu kujerun gefen dama kuma ba sa fuskantar inda ake wasan, sai ka karkata wuya har a tashi. In ka ga tikitin Fenway ya yi araha fiye da maƙwabtansa, karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, galibi an faɗa cewa akwai abin da zai tare maka gani.

Ni da za a ce in zaɓa wa baƙo tsohon fili guda, Wrigley Field na Chicago, gidan Cubs, zan ce. Shekara biyu kacal Fenway ya girme shi, a 1914 aka gina shi, kuma yana tsakiyar unguwa, gidaje na kewaye da shi har wasu sun jera kujerun kallo a kan rufinsu. Jirgin ƙasa na Red Line zai sauke ka a tashar Addison, ka fito ka ga filin a gabanka. Katangar bulo da ke ƙarshen fili lulluɓe take da ganyen wata shuka mai yaɗo da aka dasa tun 1937, allon maki na tsakiya har yau da hannu ake canza lambobinsa, kuma sai a 1988 aka sa fitilun wasan dare. Shi ya sa Cubs ke yawan wasan rana. Na Juma'a yakan fara da ƙarfe 1:20, ya yi karo da masallaci, don haka Asabar ko Lahadi ta fi. Abu biyu za ka kiyaye. Shi ma yana da ginshiƙai. Sannan bencinan bayan fili nan ne matattarar masu ihu da shan giya, ba wurin zuwa da iyali ba ne. A watan Afrilu kuma iskar Tafkin Michigan ba ta wasa.

Yawancin mutanenmu dai New York suke sauka, kuma can filaye biyu ne, duka an buɗe su a 2009. Yankee Stadium yana Bronx, jiragen 4, B da D na tsayawa a tashar titi na 161, dab da ƙofa. Yankees sun ci kofi sau 27, babu wanda ya kama ƙafarsu, kuma akwai wani ɗan dandali a bayan fili, Monument Park, na tunawa da gwanayensu, wanda ake rufewa kafin a fara wasa, sai ka sammaka. Amma ginin sabo ne, ba shi ne wanda tsohon gwarzonsu Babe Ruth ya yi wasa a ciki ba, kuma sunan ma kuɗi ne. Citi Field na Mets a Queens, kan layin jirgi na 7, ya fi sakewa, sau da yawa ya fi sauƙin farashi, illarsa ƙarar jiragen filin jirgin saman LaGuardia da ke kusa. Wanda ya sauka wurin ɗan'uwa a Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma ke da masallatai da gidajen abinci, Yankee Stadium ya fi masa kusa. Wanda ba ruwansa da hoton da zai tura gida, ya tafi Queens.

Dodger Stadium na Los Angeles, na 1962, shi ne mafi girma, yana ɗaukar mutum 56,000, ga tauraron ƙungiyar Dodgers, Shohei Ohtani ɗan Japan. Matsalarsa hanya: a kan tudu yake, filin ajiye motoci ya kewaye shi, cunkoso kuma sai wanda ya gani. Akwai bas kyauta daga tashar jirgin ƙasa ta Union Station ga mai tikiti. Don kyawun gani kuwa, PNC Park na Pittsburgh a bakin kogi da Oracle Park na San Francisco a bakin teku sun sha gaban sauran. Na biyun ka tafi da rigar sanyi ko a Yuli ne.

Batun kujera ya fi na fili muhimmanci. Sabon shiga yakan ɗauka kusa da ƙasa ya fi, ya biya tsada, ya ƙare bai gane inda ƙwallo ta nufa ba. Hawa na sama, daidai bayan mai bugun ƙwallo da sanda, nan ne kuɗi ke biyan buƙata: za ka ga murabba'in filin gaba ɗaya, ka ga yadda masu tsaro ke gyara tsayuwa kafin kowane jifa. In wasan rana ne a Yuli ko Agusta, nemi layin da ke ƙarƙashin rufi, don zaman kusan awa uku ne. Tun da aka kawo agogon ƙayyade jifa a 2023 wasa ya ragu zuwa kimanin awa biyu da minti 40, amma babu canjaras a besbol, in an yi kunnen doki bayan zagaye tara sai a ƙara. Kada ka ɗaura wani alƙawari dab da lokacin tashi.

Tikiti yanzu a waya yake, cikin manhajar MLB Ballpark, kuma yawancin filaye sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Farashi na hawa da sauka gwargwadon rana da abokin karawa: daren Talata da ƙaramar ƙungiya ba ɗaya ba ne da Asabar ɗin da Yankees suka je Boston. Shafukan sake sayarwa irin su SeatGeek da StubHub sukan sauko in lokacin wasa ya matso. Mai tallar tikiti a bakin titi, bar shi da kayansa.

Ruwan sama ne babban abokin gabar matafiyi. Ba a yin besbol cikin ruwa mai ƙarfi. In aka ɗage wasa, tikitinka na nan don ranar da aka sake sawa, ranar da wataƙila ka riga ka koma gida. Saboda haka ka sa wasan a farkon zamanka, ko ka jira hasashen yanayi kafin ka saya. Filaye masu rufi, kamar na Toronto a Kanada, da Houston, da Seattle, da Milwaukee, ba su da wannan fargaba.

Sai ciki da ibada. Tsiran da ake sawa cikin burodi, abincin da aka fi sani a filayen nan, wani na naman sa ne zalla, wani da alade a ciki, don haka tambaya ta zama dole. Gyaɗa da gugguru ba su da matsala. Filaye da dama na barin a shiga da abinci cikin leda mai nuna abin da ke ciki, da gorar ruwa da ba a buɗe ba, amma babbar jakar goyo sai a mayar da kai da ita, kuma kowane fili da dokarsa a shafinsa na intanet. Wasan dare yakan fara wajen ƙarfe bakwai, alhali a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a New York sai wajen takwas da rabi, wato magariba a tsakiyar wasa za ta same ka. Shiga da alwalarka, ka tambayi ofishin kula da baƙi inda za ka tsaya, don in ka fita ƙofa da niyyar dawowa, yawancin filaye ba za su sake barin ka shiga ba.