PubMed a Waya ko Hinari a Laburare? Amsa ga Mai Furojet kan Saran Maciji

Wata ƙanwarmu ɗalibar aikin jinya a nan Gombe ta jefo tambaya jiya da daddare. Tana rubuta furojet kan saran maciji a yankin Kaltungo, shin PubMed da take buɗewa a wayarta ya wadatar, ko dole sai ta riƙa hawa keke zuwa laburaren asibitin koyarwa saboda Hinari? Ta ce kuɗin data da kuɗin mota duk daga aljihu ɗaya suke fita. Haka ne ƙanwata. Sai dai abubuwan nan biyu ba kishiyoyi ba ne, kowanne da aikinsa.

PubMed na babban laburaren likitanci na gwamnatin Amurka ne, kuma tun 1997 aka buɗe shi kyauta ga kowa. Bayanan maƙalun da ke cikinsa sun haura miliyan 35. Ba ya tambayarki suna ko lambar sirri, ko kina Tudun Wada ko kina Billiri, in dai akwai sabis to kin shiga. Amma yawanci abin da zai ba ki shi ne kan magana, sunayen marubuta, mujallar da ta buga, da ɗan taƙaitaccen bayani. Ya nuna miki inda kaya suke, bai ce zai ɗauko miki ba. Wani lokaci ki latsa, ki faɗa shafin kamfanin da ya buga mujallar, ya ce ki biya daloli kafin ki karanta shafi takwas. A nan ɗalibai da yawa ke sarewa, su kwashi taƙaitawar nan su zuba a babi na biyu. Malamin da ya san aikinsa kuwa da ya karanta sakin layi ɗaya ya gane.

Ke kam kin taki sa'a, domin batunki na cikin waɗanda aka fi sakin maƙalunsu kyauta. Rubuta snakebite AND Kaltungo a akwatin bincike, sannan ki latsa Free full text a gefe. Cikin abin da ya kamata ki nema har da gwajin da aka yi a asibitin Kaltungo kan majinyata 400 da kububuwa ta sara, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, inda aka gwada magungunan dafi biyu, EchiTAb G da EchiTAb-Plus-ICP. An buga shi a 2010 a mujallar PLoS Neglected Tropical Diseases, kuma ko kobo ba a biya. Irin waɗannan suna ajiye a PubMed Central, rumbun cikakkun maƙalu da aka buɗe a shekarar 2000. Kada ki rikita shi da PubMed.

Hinari kuma mabuɗi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ƙaddamar da ita a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu, don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta abin da jami'o'in Turai ke biyan maƙudan kuɗi a kai. Yanzu tana ƙarƙashin Research4Life, babban shirin da ya haɗa ta da wasu irinta na sauran fannoni. Ba a yi wa mutum ɗaya rajista, cibiya ake yi wa: jami'a, asibitin koyarwa, makarantar jinya. Shi ya sa lambar shiga take hannun ma'aikacin laburare. Kuma ba kowace mujalla ke buɗuwa a kowace ƙasa ba, kamfanoni na da ikon zaɓar inda za su saki kayansu, don haka kada ki yi mamaki in wata ƙofar ta ƙi.

Bari in faɗa miki wautar da na taɓa yi. Lokacin da nake nawa aikin, ƙyuya ta hana ni zuwa laburare, sai wani aboki daga wata makaranta ya turo min tasu lambar. Na yi wata guda ina jin daɗi. Ana saura kwana biyar in miƙa babi na biyu, lamba ta daina aiki, ashe an canza ta saboda ta yaɗu a gari. Da na je laburarenmu kai a sunkuye, wata baiwar Allah da ke teburin farko ta dubi katina, ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta shiga da kanta. Minti goma. Ita ce ma ta koya min MeSH, wato jerin tsayayyun kalmomin da ake yi wa maƙalu laƙabi da su. Ni ina ta rubuta antivenom, ta ce in gwada Antivenins haɗe da Snake Bites. Tarkacen da ke fitowa ya ragu, abin da nake nema ya taso sama.

Wannan shi ne abin da waya ba za ta ba ki ba, kuma a ganina ya fi Hinarin kanta daraja. Akwai kuma kantar furojet ɗin waɗanda suka gabace ki, masu baƙin bango da rubutun zinare, galibinsu ba su taɓa hawa intanet ba. A nan za ki ga yadda aka tsara tambayoyin bincike a ƙauyukanmu, ki kuma gane ko wani ya riga ki taken. In laburaren na bin tsarin jera littattafan likitanci na Amurka, ki nemi kantar da aka rubuta WY, nan ne na aikin jinya. Ki roƙi a nuna miki Zotero ma, manhaja ce ta kyauta da ke jera manazarta da kanta.

Laburare ma da nasa ciwon kan. Yana da lokacin tashi, wuta na iya ɗaukewa kina tsakiyar saukewa, lokacin jarrabawa kuma kujera sai wanda ya yi sammako. Waya kuwa ko ƙarfe biyun dare tana nan.

Abu ɗaya da PubMed da Hinari ke iya tsallakewa: mujallun gida. Wasu na cikin PubMed, kamar Annals of African Medicine ta Sakkwato, wasu da dama ba sa ciki. Ki leƙa AJOL, dandalin mujallun Afirka da ya fara aiki a 1998.

Da ni ne ke, zan yi binciken a gida da daddare lokacin da data ke araha, in sauke na kyauta, in rubuta kan magana da shekara da sunan mujallar duk wadda ta ƙi buɗuwa a littafi. In sun kai goma sha biyar, sai in ware safiya ɗaya, in ɗauki katin makaranta da filashi in tafi. Kuɗin keke sau ɗaya ke nan, ko sau biyu in wuta ta yi halinta.