Makarantar Lahadi daga nesa: Zoom, WhatsApp ko katin memori?

Kafin dattawan ikilisiya su fitar da ko kwabo, malamin makarantar Lahadi ya fara bincika gida-gida: yara nawa ne, wace irin waya ake da ita, a hannun wa take yini, sabis yana kamawa ko sai an hau tudu? A ƙananan ikilisiyoyi, na ECWA ne ko COCIN ko EYN, sau da yawa wayar uwa ce guda ɗaya yara uku ko huɗu suke jira. Gidan da ya fi kowa ƙarancin hali shi ya kamata ya zaɓa muku hanya.

Zoom shi mutane suka fi sani tun kullen korona na 2020. Na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma yana yankewa bayan minti 40, Google Meet kuwa yana kai awa ɗaya. Lokacin ya ishi yara. Data ce matsalar: bidiyon taro yana cin rabin gigabait ko fiye a awa, kuma kowane gida zai biya nasa. Rera waƙa tare ba ta yiwuwa, domin muryar kowane gida tana isowa a makare, sai a ji hayaniya kawai. In iyayen yaranku ma'aikata ne a gari, yana da amfani sau ɗaya a wata, yara su ga fuskar juna.

Ga yawancin ikilisiyoyi, saƙon murya a zauren WhatsApp ya fi dacewa. Na minti biyar galibi ba ya kai megabait ɗaya, kuma yana jira har a samu caji. A raba darasi gida uku: labarin Littafi Mai Tsarki minti biyar, ayar haddacewa a faɗe ta sau uku a hankali, sai tambayoyi biyu. A tura ranar Asabar da yamma, a karɓi muryar yara suna karanto ayar kafin Laraba. Dogon saƙo na minti ashirin babu yaron da zai kai ƙarshensa. A saita zauren yadda shugabanni kaɗai za su iya turawa, amsoshi kuma su je wani zauren daban, in ba haka ba gaisuwa da sanarwar biki za su binne darasin.

A nan dole a kiyaye: lambobin iyaye kaɗai ake sakawa, WhatsApp ma bai yarda da wanda bai kai shekara 13 ba. Manya biyu su riƙe zauren, ɗaya daga zumuntar mata, kuma malami kada ya yi hira da yaro a keɓe.

Inda babu babbar waya, kamar ƙauyuka da iyalan da rikici ya raba da gidajensu, a sayi ƙaramar rediyo mai cin katin memori, an fi son mai caji da hasken rana. Darasin minti 15 sau 52 bai kai gigabait ɗaya ba, don haka kati mai gigabait 2 ko 4 ya ɗauke shekara. Babban kati ɓarnar kuɗi ne, kuma wanda ya wuce gigabait 32 yakan zo da tsarin da rediyon ba ta karantawa. FAT32 take so, wato tsarin da ƙananan katuna suka saba zuwa da shi. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne kwafo saƙon WhatsApp kai tsaye: tsarinsa Opus ne, rediyon kuwa MP3 ta sani, sai an juya shi tukuna. A sa wa darussan lamba 01, 02, 03. A gwada katin a gaban mai shago, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Ko wacce aka zaɓa, a ware kuɗin takarda ɗaya ga kowane yaro a mako, da ayar da hoton da zai shafa wa launi, wani dattijo ya kai gidaje, tare da katin in shi aka zaɓa.