Gargaɗi ga masu haɗa humra da sabulu: man mandarin na jabu ya shigo gari

Salamu alaikum 'yan'uwa mata na Maradi. Akwai wani mai talla a WhatsApp da ke yawo da ƙananan kwalabe, wai tataccen man ɓawon mandarin ne daga Italiya. Na saya, na ci wuya, shi ya sa nake faɗa muku.

Kwalba uku na karɓa don sabulun ruwa da humrar wata amarya a Zariya. Da na buɗe, ƙanshin lemu ya buge ni, na ce madalla. Kwana biyu ƙanshin ya gudu, sai ƙarni irin na tsohon man gyaɗa, humrar ta yi maiƙo a sama. Na kira shi, lamba a kashe.

Ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ɗiga man a farar takarda, muka bar ta a inuwa. Har magariba tabon na nan shar kamar takardar ƙosai. Na gaske tashi yake, abin da zai bari bai wuce ɗan launin rawaya ba. Ya kuma ɗiga a farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ko gezau. Kusan kashi biyu cikin uku na man mandarin wani sinadari ne mai suna limonin, shi kuwa narkar da soson yake, har balan-balan yana fasawa. Ku matse ɓawon lemu a jikin balan-balan ɗin yaranku ku gani.

Sai dai soso kaɗai bai isa shaida ba. Man lemun zaƙi ma limonin ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, tunda daga ɓawon da kamfanonin matse lemu suka rage ake samunsa. Da shi mutumin nan ya ɗan turara man girki. Abin da ya sa mandarin ya zama mandarin wasu 'yan sinadarai ne daban: gama-tapinin, da wani mai dogon suna, metil-antaranilat na mandarin, wanda bai ma kai kashi 1 cikin ɗari ba amma shi ke ba da zaƙin nan mai ɗan kama da fure. Shi ne kuma ke sa man ya yi shuɗi-shuɗi in an haska shi da fitilar duba kuɗin jabu.

Da na yi tunani, arahar ma ta isa ta tsayar da ni. Buhu nawa za a fere kafin a cika kwalba guda? Kwaɗayi ne ya rufe mini ido, ban ɓoye ba.

In ya zo muku, ku tafi da mandarin ɗaya, ku ɓare a gabansa ku gwada ƙanshin biyun, ku ɗiga a takarda kafin ku miƙa ko dala. Kwalabensa farare ne garau, marasa rubutu, alhali na kirki a kwalba mai duhu yake zuwa saboda haske na lalata shi. Wadda ta riga ta zuba a man shafawa kada ta shafa wa yara.