Akwatin roba mai toshe iska: ya isa ajiyar tsofaffin lasifika?

Ina da tsofaffin lasifika tsirara, waɗanda aka ciro daga akwatunansu, ba na son sayarwa kuma ban shirya ɗaura su ba tukuna. Manyan cikinsu JBL D130 ne guda biyu masu inci 15, samfurin da kamfanin ya fara yi a ƙarshen shekarun 1940, sai wasu ƙanana masu inci 8 da bakin soso, wato zoben soso da ke kewaye da takardar lasifikar. Su na saya wa wannan akwati. Na roba ne, murfinsa yana da zoben roba a baki da maƙalai a kowane gefe, kuma ya zo da jakar silika jel, ƙwayoyi masu shan danshi da ke canza launi, da ɗan ma'aunin laima.

Laima ce ta sa na saye shi, kuma a nan bai ba ni kunya ba. Takardar lasifika, wato faifan da ke girgiza ya fitar da sauti, tana shan danshi ta yi laushi, idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari kuma funfuna ta hau ta. Tsatsa ta fi wannan muni, musamman ga masu baƙin maganadisu na ferrite: tana cin farantin ƙarfen da aka manna, ta ɗaga gam, sandar ƙarfen da ke tsakiyar maganadisun ta goce ta matse koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar. Damina ta zo ta wuce, ɗakin har warin danshi yake yi, amma ma'aunin da ke cikin akwatin bai wani motsa ba.

Sai dai jakar silikar ta yi wa akwatin yawa. Idan aka saka ta gaba ɗaya, laimar ciki takan sauka ƙasa da kashi 30, alhali tsohuwar takarda da tsohon gam ba sa son bushewa irin wannan, sai su yi ƙaushi su fara tsagewa. Ni tsakanin 40 da 50 nake nema, don haka na raba ƙwayoyin biyu na ajiye rabi. Ruwan lemo ne launinsu, in sun ƙoshi da ruwa su koma kore, a gasa su a oba mai zafin digiri 120 a ma'aunin Celsius su dawo yadda suke. Takardar bayanin da ta zo da kayan ba ta ce uffan a kan yawan da ya dace ba.

Babban aibinsa gindi ne. Robar ƙasa siririya ce, da na ɗora manyan biyun na ɗaga sai ta lotsa, kuma babu komai a ciki da zai hana kaya zamewa. Ga D130 wannan ba ƙaramar magana ba ce. A tsakiyar takardarsa akwai ɗan ƙoƙon alminiyam mai sheƙi wanda ko yatsa ya danna sai ya bar alama. Maganadisunsa kuma alniko ne, haɗin baƙin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt, wanda bugu mai ƙarfi ke iya rage masa ƙarfi, kuma sake caja shi sai da na'ura ta musamman. Tun da rikicin Shaba a Zayar ya tsadar da kobalt a 1978 yawancin kamfanoni suka koma ferrite, shi ya sa nake lallaɓa waɗannan kamar ƙwai.

Dole ta sa na yanka filawud daidai gindin. Na haɗa lasifikan biyu fuska da fuska, na sa ƙananan katakai a tsakanin bakinsu don kada takarda ta taɓa takarda, na ɗaure da noti ta ramukan da ke jikin firam. Ban naɗe su da leda ko jarida ba, domin leda tana manne wa man da aka shafa a bakin wasu, jarida kuma tana da asid.

Wani alherin da ban yi tsammani ba shi ne ɓurɓushin ƙarfe. Maganadisu yana jawo shi daga ko'ina, in ya shiga siririn ramin da koyil ke kai-komo sai ka ji kar-kar a cikin sauti. Murfin da ya toshe ya kashe wannan damuwar.

Bakin soso kam, kada mai sayarwa ya ruɗe ka. Soson polyurethane yana ruɓewa da kansa, galibi cikin shekara 10 zuwa 20. Duhu da rashin danshi suna jinkirta abin ne kawai. Na ɗaya daga cikin ƙananan nawa, da na shafa shi da ɗan yatsa sai ya biyo hannuna yana dauɗa. Akwatin kuma garau yake, haske na ratsa shi, sai da na lulluɓe shi da baƙin ƙyalle.

Bai kuma ɗauke maka dubawa ba. Nauyin takarda da koyil yana jan ƙyallen da ke riƙe da su a hankali, don haka lokaci-lokaci nakan buɗe, in juya su, in taɓa batir mai bolt 1.5 a wayoyin in ga takardar ta motsa ba tare da gogayya ba.

Mai ƙananan lasifika ya saya hankali kwance. Mai inci 15 ya auna cikin gindin tukuna, ba bakin murfi ba, domin akwatin yana tsukewa ta ƙasa, kuma firam ɗin ya ɗan ɗara inci 15 ɗin da ake kiran sa da shi.